Badon da Ya Bar Mini a Kwatarniya

Da sunan Allah nake farawa. Ni ban yi boko ba, karatun allo ma ban wuce abin da zan yi salla da shi ba. Matar ɗana ce ke riƙe da alƙalami, ina faɗi tana rubutawa. In na yi shiru sai ta jira ni, don tun da maigidana ya rasu magana ba ta fita bakina a jere. Hawaye kan riga ta fitowa.

Ni 'yar tudu ce. A ƙauyenmu gero muke nomawa, ruwanmu kuwa na rijiya ne mai zurfi, sai an ƙulla igiya da igiya kafin guga ya taɓa shi. Ban taɓa ganin ruwa mai faɗi ba sai ranar da aka kawo ni Argungu gidan miji. Da motar ta biyo gefen fadama na leƙa ta ƙarƙashin mayafi, na ga ƙasa ta ƙare, sama ta sauko ta kwanta a inda ya kamata a ce gonaki ne. Na runtse ido, ban sake buɗewa ba sai a cikin ɗaki.

Maigidana masunci ne, iyayensa ma masunta. Kafin gari ya waye yake saɓa homarsa, ragar da yake kama kifi da ita, ya rungumi babban goran da yake kwanciya a kansa cikin ruwa, ya fita. Ni ina cikin gida ba na zuwa ko'ina, kuma da an ce in fita ma ba gulbi zan nufa ba. Ina daka ina ganin ruwa ya rufe kansa. Ina tankaɗe ina ganin goran yana yawo shi kaɗai. In ya dawo da la'asar sai ya tarar idona ya kumbura.

"Wa yam mutu?" in ji shi.

"Kai," in ce.

"To, ga mamacin ya dawo, kuma shina jin yunwa."

Wata rana da damina ta zauna, ya jawo wata tsohuwar kwatarniya, babban kasko mai faɗin baki da mahaifiyarsa ke jiƙa shinkafa a ciki. Ya ajiye ta a tsakar gida, inda ranar safe ke fara sauka. Ya fita ya dawo da kwando cike da baƙar lakar fadama, ya shimfiɗa ta a gindin kwatarniyar. Sannan ya ciro wani abu daga aljihu, kamar ƙaramin gwaza, ya ce saiwar bado ce. Ya danna ta cikin lakar da babban yatsa, bai binne kanta ba, ya bar idonta yana kallon sama. Ya yayyafa yashi a kai don kada ruwa ya gurɓace. Da ya zo zuba ruwa sai ya kife ƙwarya a ciki, yana zubawa a bayanta a hankali, har kwatarniyar ta cika lakar ba ta motsa ba. Washegari ya kawo 'ya'yan karfasa a gwangwani, ƙanana kamar ɗan yatsa, ya ce su ne za su cinye tsutsar sauro. Ya ɗora kainuwa a kan ruwan don kifayen su sami inuwa, ya ce in ta yi yawa in riƙa kwashewa ina ba akuya.

"Ga gulbi na kawo maki," ya ce. "Wanga bai kai shi ci mutum ba. Ki saba da shi."

Na saba da shi kuwa. Ganyen farko ya taso a naɗe, ya zo saman ruwa ya buɗe ya kwanta. Wasu suka biyo shi har suka yi kamar an jera faya-fayai. Ranar da furen ya fara fitowa na fito alwalar asuba na gan shi fari fat a cikin sauran duhu, sai na ɗauka wani ne ya manta da fitila a kan ruwa. Yana nan a buɗe har hantsi, ƙudan zuma suna shiga suna fita, sannan ya rufe kansa. A tsakanin ganyayen akwai wurin da sama ke leƙowa. A nan nake ganin gajimare ya wuce, shirwa ta wuce, wani lokaci fuskata, kifi ya ratsa ta goshina ya ɓace. In maigida yana gulbi sai in zo in duba. In na ga ruwan kwatarniya a kwance, sai raina ya ce mini can ma a kwance yake. Na san ba haka abin yake ba, amma da shi na yi renon 'ya'yana cikin kwanciyar hankali.

Abu ɗaya ne muke faɗa a kansa duk shekara. Da rani ya shiga sai ya daina ƙara wa kwatarniyar ruwa. Ya kwashe kifayen a ƙwarya ya mayar gulbi. Ina ji ina gani ruwan zai janye, ganyaye su kwanta a kan laka su yi baƙi, lakar ta tsattsage. Sai ya jawo kwatarniyar ya kai ta bayan rumbu cikin inuwa, ya rufa mata tsohuwar tabarma. In na ɗauko guga zan zuba, ya ce in bari, aikinsa ne.

A wurinmu mutanen tudu, abin da ya bushe ya mutu. Karan gero in ya bushe sai danga ko murhu, baɗi kuma sai sabon iri. Na san ana tonon bado a fadama da rani, amma na ɗauka can akwai danshi a ƙarƙashi, ba kamar wannan lakar da ta zama dutse ba. Don haka na ɗauki abin ragwanci. Na ce kamun kifi da noman albasa sun ɗauke masa hankali, kunya ce ta sa yake ɓoye gawar a bayan rumbu.

"Ka sake kashe mini bado," in ce masa.

"Ki yi haƙuri."

"Haƙuri kullum. Guga guda ya gagare ka, kai da ke wuni cikin ruwa?"

Sai ya sunkuyar da kai yana ɗinkin homarsa, gefen bakinsa yana rawa.

In ruwa ya sauka ya zauna, zai fito da kwatarniyar ya mayar da ita wurinta, ya tafi fadama ya dawo da laka har gwiwa. Bayan 'yan kwanaki sai in ga ganye yana tasowa. Ni a zatona ya samo sabuwar saiwa ya dasa lokacin da nake madafa. Sai fushina ya huce, in sa a yanka masa zakara cikin kajina, in dama masa fura irin ta garinmu mai kayan yaji. Ya ci ya sha ya yi hamdala. Haka muka yi har gashinmu ya yi fari.

Ruwan da na yi ta jin tsoro bai taɓa shi ba. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi a ƙarshen wata damina, ya cika a kan gadonsa, ina ɗiga masa ruwa a baki da cokali. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ki ɗan tsaya, ɗiyata.

To. A gaban kwatarniyar na yi takabata. Masu gaisuwa suka zo suka tafi, gida ya yi faɗi, ni da kifaye muka rage. Da rani ya matso sai tsoro ya kama ni. Na ce wannan ita ce saiwar ƙarshe da ya dasa da hannunsa. In ta bushe wa zai je ya samo mini wata? Ko an samo ma, ba yatsansa ne ya danna ta ba. Sai na shiga ba ta ruwa safe da yamma. Aka yi zafin bazara aka gama tana nan da ganyenta. Har na riƙa yi masa magana a zuciya, ina cewa ka gani ko, ruwa kawai take so.

Daga baya ɗana ya ce ba zai bar ni ni kaɗai ba, ya zo ya ɗauke ni zuwa gidansa a Gesse, cikin Birnin Kebbi. Na bar gadona na bar turmina, amma na ce kwatarniya ƙafata ƙafarta. Aka rage ruwan, aka zuba kifaye a bokiti, aka ɗora ta a kujerar baya kusa da ni. Duk ramin da mota ta faɗa sai ruwan laka ya fallatso mini a zane. Ina riƙe da bakinta da hannu biyu har muka iso.

Gidan ɗana siminti ne ko'ina, ba inda kaza za ta yi tono. Ruwa daga tanki yake saukowa, ka murɗa ya zubo. Na sa aka ajiye kwatarniyar kusa da ƙofar ɗakina, na ci gaba da yadda na saba. Amma bado ya fara ja da baya. Sabon ganye ya riƙa fitowa ƙarami, wanda ya biyo shi ya fi shi ƙanƙanta, gefensa rawaya. Damina ta zo ta wuce babu fure, wata ta sake zuwa babu. Ruwan ya soma wani wari in an motsa shi. Na ce ruwan tanki ne bai karɓe shi ba, ɗana ya riƙa ɗebo mini na gulbi a jarka. Na ce yunwa ce, aka samo mini kashin awaki na tura cikin laka. Duk bai hana ba. Kullum da safe sai in ƙirga abin da ya rage da ido, in koma ɗaki in yi kuka. Ji nake yi kamar ana sake yi mini rasuwar a hankali, ganye ganye.

Ana cikin haka matar ɗana ta haihu. Ranar suna ƙanwar maigidana ta zo daga Argungu. Tsohuwa ce kamata, sana'arta bandar kifi, muryarta kuwa tun daga bakin titi ake jin ta. Tun ina amarya ba mu taɓa haɗuwa ba sai mun tsokani juna. Ta gama ganin jariri ta fito tana neman inda za ta tofar da goro, sai idonta ya faɗa kan kwatarniya.

"Matarmu, mi nika gani haka?"

"Badon yayanki ne."

"Na san na yayana ne, ai kwatarniyar innarmu ce. Mi kika yi mashi?"

"Ni? Ni da ke hana idona barci a kansa?"

Ta naɗe hannun rigarta ta sunkuya, ta tura hannu cikin ruwan har gwiwar hannu, ta lalubo, ta ɗebo laka ta kai hanci, ta yamutse fuska.

"Yaushe rabon wagga kwatarniya da bushewa?"

"Tun da ya rasu ban bar ta ta bushe ba ko sau ɗaya," na ce, har da ɗaga kai.

Ta tafa hannu, laka ta fantsama. "La'ilaha illallahu! 'Yar tudu dai 'yar tudu ce, ko ta tsufa a bakin gulbi. Ke, barci kika hana shi. Bado da rani kwana shikai cikin busasshiyar laka. Muna yara haka munka riƙa tono shi da tsinke, ƙasa kamar dutse, mu gasa mu ci."

"In ya bushe wa zai samo mini wani?"

"Wani wane?"

"Irin wanda yayanki ke samowa duk damina."

Ta tsaya tana kallona, bakinta a buɗe, jan goro a haƙoranta. "Wa yac ce maki shina samowa? Saiwa guda ce, matarmu. Wadda ya kawo kina amarya, ita da ɗiyan da ta yi ta haihuwa nan ciki."

"Ƙarya kike yi. Da idona nake ganinsa yana dawowa da laka har gwiwa."

"Masunci ne! Da mi kike son shi dawo, da lalle?"

Na ce, "To zakarun da na yi ta yankawa fa?"

Sai ta zauna daɓas a kan siminti tana dariya tana riƙe ciki. "Ai ni ma na sha samun cinya. Cewa ya yi in na buɗe baki babu ni babu romo."

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Rabona da ita tun yana da rai. Na yi ta yi har numfashina ya sarƙe, daga nan ta juye ta zama kuka, ita ma ta kama, muka rungume juna a gaban kwatarniya, 'yan suna suna leƙowa suna tambayar ko lafiya. Shekara da shekaru ina kiransa rago a kan abin da yake yi daidai, shi kuwa yana sunkuyar da kai yana jiran zakara. Bai taɓa ce mini ya samo sabuwa ba. Ni ce na faɗa, shi bai musa ba.

Da muka natsu ta sake tura hannu ta daɗe tana latsawa. Ta ce gefe ɗaya ya ruɓe, amma akwai inda ke da sauran tauri. Ta ce in kwashe kifaye, in daina ba shi ruwa, in laka ta tsage a kai shi inuwa a rufe, kada a taɓa sai damina ta zauna.

"In bai tashi ba fa?" na ce.

"In bai tashi ba, Allah ke da shi. Ban yi maki alkawari ba. Amma in kika ci gaba da wanga ruwa, wallahi da hannunki za ki ƙarasa shi."

Ta koma Argungu ta bar ni da maganar. Na yi kwanaki ina juya ta. Abin da ke gabana ganye ne ƙanana marasa lafiya, amma dai ina ganinsu. In na bi maganarta ba abin da zan gani sai busasshiyar ƙasa, kuma ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashinta. Ranar da na yanke shawara na sa ɗana ya kai kifayen gulbi, na ce a ɗauke jarkar daga ƙofar ɗakina.

Ban taɓa sanin ruwa na da saurin tafiya haka ba. Kowace safiya akwai sabon zobe a jikin kwatarniyar, inda ya tsaya jiya. Sama da ke leƙowa ciki ta yi ta ƙanƙancewa, ta koma kamar faifai, ta koma kamar tafin hannu. Ganyayen suka kwanta a kan laka, suka yi mini kama da leɓɓan maigidana a kwanakin ƙarshe. Wata asuba na fito da buta, maimakon in nufi wurin alwala sai na tsinci kaina tsaye a kan kwatarniya, na karkata bakin butar. Matar ɗana ta fito da jariri a kafaɗa. Ba ta ce kada in zuba ba.

"Inna, alwala za ki yi? Ga kujera nan na kawo miki."

Na zauna. Ruwan ya tafi a kan ƙafafuna.

Da lakar ta tsattsage aka kai ta bayan ɗakin girki, aka rufa mata tabarma. Wurin da take ya bar da'ira a kan siminti, na riƙa kewaye ta in zan wuce. Bazarar Birnin Kebbi ta sauko da nauyinta. Bayan azahar nakan kwanta a kan tabarma a baranda, barci ya ɗauke ni rabi da rabi. A irin wannan barcin na sha ganin simintin gidan ya narke ya zama ruwa, ina tafiya a kai ba tsoro, har in isa fadamar Argungu in same ta a bushe. Sai in leƙa ta cikin tsagar ƙasa, in ga ɗakuna a ƙarƙashi masu sanyi, saiwoyi a kwance jere kamar jarirai a gidan suna, kowace da numfashinta. Wani lokaci maigidana yana can zaune a tsakaninsu da farar riga. Ina buɗe baki zan kira shi sai ya ɗora yatsa a leɓe. In farka zufa ta jiƙa mini wuya, kiran la'asar yana tashi daga wajen unguwar Badariya.

Ruwan farko ya zo da iska da ƙamshin ƙasa. Ɗana ya ce a fito da kwatarniyar, na ce a'a. Wannan kam na sani tun daga gonar babana, ruwan farko yaudarar iri yake yi, ya tashe shi ya tafi ya bar shi. Muka jira har aka yi ruwa a kan ruwa, ciyawa ta fito a gefen titi. Sannan aka ɗauko ta aka mayar wurinta. Na sa hannu na taɓa lakar, tauri kamar gutsuren tukunya. Da yamma hadari ya haɗo daga gabas ya zuba, ina zaune a bakin ƙofa ina jin yadda tsagogin ke shan ruwa suna ƙara kamar mai ƙishirwa. Kafin magariba ta cika.

Ruwan ya yi ja, ya kwanta, ya yi garau. Sama ta dawo ciki. Ban da ita babu komai. Kwana ya bi kwana, ina fitowa ina dubawa, laka ce kawai a shimfiɗe. Na daina cin abincin kirki. Na ce a raina na kashe shi sau biyu, da ruwa da kuma rashinsa. Har na fara tunanin yadda zan ce wa ɗana ya fitar da kwatarniyar daga gidan in huta da ganinta.

Idona ya yi rauni yanzu, abin da ke ƙarƙashin ruwa ba na rarrabe shi. Don haka wata safiya na durƙusa na tura hannu a hankali, ina bin lakar da kan yatsu. Can gefe, ba ma inda nake zato ba, wani abu siriri ya shafi yatsana. Na bi shi sama, na ji ƙarshensa a naɗe, mai laushi kamar kunnen jariri.

"Ɗiyata," na kira. "Zo ki ara mini idonki."

Ta zo da gudu ta sunkuya, ta kare hasken da tafin hannu.

"Ja ne, Inna. Ganye ne, bai buɗe ba. Ga wani ma can yana biye da shi."

"Ki duba da kyau, kada ciyawa ce."

"Ba ciyawa ba ce, Inna."

Sai na juya wajen ƙofar gida na buɗe baki zan faɗa wa maigidana. Ƙofar ƙarfe ce a rufe, ba kowa. Na yi kukana a nan durƙushe, amma a hankali, don hannuna yana cikin ruwa kuma ba na son ganyen ya girgiza.